Shin manhajar waya za ta sa masu hawan jini su riƙe shan magani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara a jihar Jigawa. Muna da littafin masu hawan jini da masu ciwon suga, sunaye sun cika shafuka, amma ranar awo idan muka ƙirga waɗanda suka zo sai jikinmu ya yi sanyi. Mutum zai karɓi magani wata ɗaya, wata biyu, sai ya ɓace, ba mu sake jin ɗuriyarsa sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga ɓarin jiki ya shanye. Wani matashi ɗan garinmu da ya karanta kwamfuta ya ce zai haɗa mana manhaja da za ta riƙa tuna wa mutane shan magani sau biyu a rana, ta kuma ƙirga musu taku. Kwamitin asibiti ya ce zai nemo kuɗin. Irin wannan abu yana aiki kuwa, ko mu adana kuɗinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri, na san wuyar aikin da kuke yi.

Waya tana taimakawa, an gwada an gani, sai dai ba ta fuskar da yaron nan yake hange ba. Da ina cikin kwamitinku da na ce a jingine batun manhaja tukuna. A sayi waya ɗaya da layi ɗaya na asibiti, a ware kuɗin kati duk wata, a kuma sauke wa ma'aikaci ɗaya wani aikin don ya samu awa biyu ko uku a mako ya zauna da wayar nan. Ki yi haƙuri, bayanin dalilin zai ɗan ja mu.

Manhajar da ake so a haɗa muku ta ginu ne a kan zaton cewa mantuwa ce ke hana mutane shan magani. Ke da kike zaune da su kin san labarin ya fi haka. Na taɓa duba wani dattijo, manomi ne, shi ne kuma yake jan salla a masallacin unguwarsu. Awonsa ya hau sosai, sai na ce ya nuna mini maganin da muka ba shi watan jiya. Ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙullin leda, ya kwance a kan tebur. Katin magani biyu ne. Ɗaya ya shanye shi tas, ɗayan ƙwaya huɗu kawai aka ɓalle. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya dubi ƙofa, ya rage murya, ya ce, "Likita, wannan shi ke sa ni fitsari. Ina gaban sahu alwala ta ƙi riƙuwa." Ashe maganin nan mai sauke ruwa ne yake sha bayan abincin rana, dab da azahar, ya yi ta dawainiya da shi har la'asar. Da wayarsa za ta yi ƙara sau goma a yini ba zai sha ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Muka mayar da shan maganin zuwa bayan sallar asuba, magana ta ƙare.

Irinsa suna da yawa a littafinki. Ga wadda maganin hawan jini amlodipine ya kumbura mata idon sawu, maƙwabciya ta ce mata ƙoda ce, ta tsorata ta daina. Ga wanda lisinopril ya sa masa busasshen tari. Ga mai ciwon suga da metformin ya ɓata masa ciki a makon farko. Ga kuma babban rukuni, masu cewa "ai jinina ya sauka", don ciwon kai ya lafa, alhali hawan jini yakan shekara yana cin mutum ba tare da ya ji komai ba. Sai kuma wanda kuɗin mota da kuɗin magani suka fi ƙarfinsa, ya koma jiƙo da tafarnuwa. Masu mantuwa ta gaskiya suna nan, amma rukuni ɗaya ne cikin rukunoni da yawa.

Kada ki ɗauka ƙauye ne ya jawo. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu ciwon da ake shan maganinsa tsawon rai ba sa sha yadda aka rubuta musu. A Amurka an yi wani babban gwaji da aka buga a 2017, da mutum fiye da 53,000 waɗanda ba sa shan magani daidai. Aka aika wa wasunsu kayan tuni masu sauƙi: akwatin ƙwayoyi mai gida-gida, da murfin kwalba mai agogo, da makamancinsu. Bayan shekara aka duba, waɗanda aka bai wa kayan ba su fi waɗanda ba a ba ba. Da mantuwa ce kaɗai ciwon, da waɗannan kaya sun yi magani.

Gwajin da na fi son ba da labarinsa a Kenya aka yi shi, sakamakonsa ya fito a mujallar Lancet a 2010. Wani likita mai suna Richard Lester da abokan aikinsa suka ɗauki mutum 538 da suka fara shan maganin cutar ƙanjamau a asibitoci uku, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya aka bar su da kulawar da aka saba. Ɗaya gidan kuwa, duk ranar Litinin da safe sai a tura musu saƙon tes mai kalma ɗaya tak da harshen Swahili: "Mambo?", wato "Yaya dai?" In lafiya lau, mutum ya amsa da "Sawa". In akwai damuwa, ya rubuta "Shida". Wanda ya ce akwai damuwa, da wanda awa 48 ta wuce bai amsa ba, sai ma'aikacin asibiti ya buga masa waya ya ji ba'asi. Iyakar shirin ke nan. Babu hoto, babu wa'azi, ko sunan magani ba a ambata a saƙon. Bayan shekara guda, kashi 62 cikin 100 na masu samun saƙo suka ce suna shan maganinsu yadda ya kamata, a ɗaya gidan kuwa kashi 50. In kin ce ai faɗar baki ce, to an auna jini: ƙwayar cutar ta kwanta a jinin kashi 57 na masu samun saƙo, a ɗaya gidan kashi 48.

Ki tsaya ki dubi saƙon nan da kyau. Tambayar ranar Litinin ba ta iya tuna wa mutum ƙwayar daren Alhamis. Abin da take gaya masa shi ne an san da shi, akwai mai jiran amsarsa, kuma in ya yi shiru za a neme shi. Da yawa daga cikinsu da aka tambaye su daga baya cewa suka yi suna jin akwai wanda ya damu da su. Sannan ta buɗe ƙofa ga irin dattijona mai alwala ya faɗi damuwarsa a makon da ta taso, maimakon ya ajiye magani ya yi gum har wata uku. Aikin gaske yana cikin kiran da ake yi bayan saƙon. Shi saƙon sallama ce kawai a ƙofar gida.

Batun sau biyu a rana da yaron ya kawo, shi ma an gwada irinsa. A wani asibitin karkara a Kenyan dai, aka bi mutum 431 tsawon mako 48, sakamakon ya fito a 2011. Su ba a dogara da faɗar bakinsu ba, murfin kwalbar maganin ne yake rubuta duk lokacin da aka buɗe shi. Waɗanda ake tura wa saƙo sau ɗaya a mako, kashi 53 suka riƙe magani da kyau, waɗanda ba a tura wa komai kashi 40. Masu samun saƙo kullum kuwa ba su fi waɗanda ba a tura wa komai ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Wanda yake kwana kusa da injin niƙa ba ya jin ƙararsa. Saƙon da ke shigowa kullum a lokaci ɗaya da kalmomi iri ɗaya, mako biyu ya ishe shi ya koma sahun tallan kamfanonin waya da muke gogewa ba mu karanta ba.

A nan maƙwabtanmu Kamaru, a Yawunde, an tura wa masu shan maganin ƙanjamau saƙon ƙarfafa gwiwa duk mako tsawon wata shida, a gwajin mutum 200 da aka buga a 2012. Ba a ga wani bambanci ba. Saboda haka ba duk saƙo ne yake aiki ba, ko da mako-mako ake tura shi.

Tunda masu hawan jini ne a gabanki, ga abin da aka samu a kansu. A Afirka ta Kudu an bi mutum 1,372 tsawon shekara, aka buga a 2016. Masu samun saƙo sun fi zuwa karɓar magani a kan lokaci, amma lambar sama ta awon jininsu da kusan maki 2 kawai ta fi ta sauran sauka. A Ostireliya, cikin masu ciwon zuciya 710 da ake tura wa rabinsu saƙo huɗu a mako kan abinci da motsa jiki da barin taba, bambancin ya haura maki 7 bayan wata shida. Amma da masu binciken suka sake gwadawa da mutum fiye da 1,400, a wannan karon suna neman a riƙe shan magani, ba su ga ƙari ba. Inda saƙon da inji ke turawa shi kaɗai ya fi yin abin kirki shi ne barin sigari. A Birtaniya, cikin mutum 5,800, kashi 10.7 na masu samun saƙo suka bar taba har wata shida, aka tabbatar da awo, a ɗaya gidan kashi 4.9. Ninki biyu ke nan, amma ki lura, tara cikin goma ba su bari ba. Wannan shi ne girman abin da za ki sa rai da shi: ɗan ƙari mai amfani, mai arha. Duk wanda ya zo miki da alkawarin da ya wuce haka, ki riƙe jakarki da kyau.

Ƙirga taku kuwa, ni ban ga abin da zai tsinana wa mutanenki ba. Matar da take ɗebo ruwa, ta yi daka, ta yi surfe, ko manomin da ya yini a kan kunya, ba taku suka rasa ba. Lambar 10,000 ɗin da ake ta yayatawa ma ba daga asibiti ta fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ne da wani kamfanin Japan ya fito da ita a 1965, sunan ya yi daɗin talla, ya bi duniya. A 2019 wani bincike a Amurka da ya bi tsofaffin mata 16,741 ya gano cewa masu taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin yana ƙaruwa ne har wajen 7,500 sannan ya tsaya. Wani gwajin kuma, na matasa 471 masu neman rage ƙiba, ya ba mutane kunya a 2016: waɗanda aka ɗaura wa na'urar auna motsi a damtse sun rage kilo 3.5 a shekara biyu, waɗanda ba a ɗaura wa ba kilo 5.9. Ga ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwar da yake yini a zaune a shago, ƙirga taku na iya zaburar da shi, kuma babbar waya tana yi kyauta. Ga mutanenki, gishiri da dunƙule sun fi taku muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da yaji. Wannan saƙo kuwa ba mai hawan jinin ya kamata ya samu ba, mai riƙe da ludayin miya ce.

Mu zo ga ita kanta manhajar. Ki ɗauki littafinki ki bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kanki su nawa ne suke da babbar waya. Yawancin dattawan nan 'yar ƙarama ce a hannunsu, mai toci, wadda yara ke kira rakani-kashi. Ba ta ɗaukar manhaja. Wasu wayar takan yini a shagon mai caji. Mata da yawa lambar maigida suka ba ki, ko ta ɗan da ke Kano yana sana'a. Wanda yake da babbar wayar ma sai ya ga dama yake sayen data. Ko a inda kowa ke da waya da data, ɗokin manhaja ba ya daɗewa: wani nazari na 2019 a kan manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa 93 ya nuna bayan kwana 30 waɗanda suke ci gaba da buɗe su ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Sai kuma karatu. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubutu da ajami, saƙon boko sai ya jira jikansa ya dawo daga makaranta. A wurin irin waɗannan, kira da muryar wadda suka sani ya fi saƙo ɗari. In kuma za ku yi amfani da kamfanonin tura saƙo da yawa a lokaci ɗaya, ku sani mutane da dama a Najeriya sun toshe saƙon talla ta lambar 2442, kuma saƙonku na iya maƙalewa a nan ba ku sani ba. Saƙon da ya fito daga layin asibiti kai tsaye ba shi da wannan matsala.

Ga yadda zan tsara shi da ni ne. Ranar da kika rubuta mutum a littafi, ki tambaye shi ko ya yarda a riƙa nemansa ta waya, lambar wa za a kira, wa yake riƙe da ita, da wane lokaci ya fi dacewa. Ki karɓi lamba biyu, don layi yana ɓata, ana kuma rufe shi. Ki kira nan take a gabansa ki ga ta shiga, ki sa masa lambar asibiti a wayarsa da sunan da zai gane. Sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da kowa ya sani, a tura gajeriyar gaisuwa. Mai lafiya ya yi filashin sau ɗaya, ba sai ya kashe ko sisi ba. Wanda ba a ga filashin ɗinsa ba har kwana biyu, a kira shi. Kwana biyu kafin ranar awonsa a tuna masa. Wanda bai zo ba, a kira shi cikin makon, kuma kada a buɗe baki da faɗa. "Baba, ba mu gan ka ba, muka ce ko lafiya?" ya fi "Me ya sa ba ka zo ba?" jawo gaskiya. Idan masu jinyar sun yi yawa, ki fara da sababbi da waɗanda awonsu ya fi hawa, don watannin farko ne aka fi zubewa.

Sai dai kada ki ɗauki filashin a matsayin shaidar an sha magani. A Indiya an fito da wata dabara ga masu tarin fuka mai suna 99DOTS: ana naɗe katin magani a ambulan, duk ƙwayar da aka ɓalle sai wata lamba ta bayyana a bayanta, mai jinya ya kira kyauta, kwamfuta ta rubuta ya sha. Dabara ce mai kyau a ido. Da aka bi wasu gida aka auna fitsarinsu, sai aka tarar akwai masu kira ba su sha ba, akwai kuma masu sha ba su kira ba. Da aka gwada ta a asibitoci 18 a Uganda, yawan waɗanda suka kammala magani lafiya bai ƙaru ba in aka haɗa kowa da kowa. Waya tana gaya miki abin da aka yi da waya ne. Abin da ya shiga ciki sai ma'aunin jini ya faɗa.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe fiye da duk alƙaluman nan, don ni kaina na taɓa ƙonewa a kansa. Shekarun baya muna bibiyar masu tarin fuka, na rubuta saƙo da hannuna mai cewa a tuna da shan maganin tibi, muka tura. Cikin waɗanda ya je wa akwai wata matar aure da lambar gidan ta ba mu. Wayar tana kan tabarma a tsakar gida, ɗan kishiyarta ya ɗauka ya karanta da ƙarfi. Kafin magariba an ware mata kwano da moɗa, an hana yara shiga ɗakinta. Da ta zo karɓar magani ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Ta ce, "Likita, ka tona mini asiri." Ba ni da amsar da zan ba ta. Tun daga ranar ban sake sa sunan ciwo ko na magani a saƙo ba. Hawan jini bai kai tibi abin ƙyama ba, amma akwai magidancin da ba ya so a san yana shan magani, akwai budurwar da ciwon suga zai iya ɓata mata maganar aure. Doka ma tana nan: dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyaye su. Ki tambayi yaron nan a ina sunaye da lambobin za su zauna, wa zai iya buɗe su. Wayar asibitin a sa mata makulli, ta kwana a asibiti.

Saboda wannan dalilin ne ban cika son guruf ɗin WhatsApp na masu jinya ba. Kowa yana ganin lambar kowa, kuma kafin a yi wata ɗaya wani zai turo bidiyon mai maganin da ke warkar da hawan jini da suga da basur a kwana bakwai. In dole sai an yi, a rufe shi yadda ma'aikaci kaɗai ke iya magana, masu tambaya su biyo ta gefe. Saƙon murya na minti ɗaya da muryarki, kan abu ɗaya tak, kamar kumburin ƙafa ko yawan dunƙule, yana da amfani, kuma za ki ga ana tura shi gida-gida.

Su kuma masu mantuwar ta gaskiya, muna da agogon da ya fi na waya, ba ya buƙatar caji: kiran salla. Ɗabi'a tana kafuwa ne idan aka ɗaura sabon abu a jikin wanda mutum ya riga ya saba yi kullum. Maimakon ki ce "ka sha da safe", ki sa shi ya faɗa da bakinsa: "In na dawo daga masallaci da asuba, kafin in sha koko, zan sha maganina." Ki tambaye shi inda zai ajiye katin, kusa da carbi ko dardumar salla, inda yara ba sa kaiwa. Mai metformin a ɗaura masa a kan cin abinci. Ƙararrawar da ke cikin kowace ƙaramar waya ta isa ta tallafa a makonnin farko. Wani bincike a Landan da ya bi mutum 96 suna koyon sabuwar ɗabi'a ya gano cewa a tsaka-tsaki kwana 66 ake ɗauka kafin abu ya zama jiki, wani kwana 18, wani har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wannan na ƙarshen ki riƙa gaya musu, don da yawa in suka tsallake kwana biyu sai kunya ta hana su dawowa.

Azumi lokaci ne da saƙo yake da daraja ta musamman, don tsarin ci da sha da barci duk ya juye. Senegal ta gane haka. A 2014 ta fara tura wa masu ciwon suga saƙonni a watan Ramadan, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya: a sha ruwa sosai kafin a ɗauki azumi, a yi hattara da yawan ci da kayan zaƙi irin su dabino, a ga likita ya daidaita magani kafin azumi ya kama. Ke ma tun watan Sha'aban ki fara kiran masu suga, musamman masu allurar insulin da masu shan glibenclamide, don su ne sugansu ke iya faɗuwa da rana. Likita ne zai sauya musu yawan magani da lokacin shansa, aikin waya shi ne ta kawo su gabansa kafin a ga wata.

Ban ce a sallami yaron nan ba, yana da amfani. Abin da kuke buƙata daga gare shi ba a wayar masu jinya zai zauna ba, a wayarku zai zauna: ɗan tsari mai sauƙi da zai riƙe sunaye da ranar dawowar kowa, duk safiyar Litinin ya fito muku da jerin waɗanda ranarsu ta gabato da waɗanda ta wuce ba su zo ba. Ya yi aiki ko babu sabis. Wannan shi ne abin da littafin takarda ya kasa yi muku, shi ya sa mutum yake ɓacewa wata huɗu ba wanda ya lura. Ku kuma tambaye shi wa zai gyara in ta lalace bayan ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Abuja. Na ga manhajoji da dama da aka ƙaddamar da su da lemo da hotuna, suka mutu ranar da mai su ya bar gari.

Abu biyu za su iya kashe shirin ko da komai ya tafi daidai. Na farko, a tambayi mutum "yaya dai?" ya ce akwai damuwa, sannan ba wanda ya kira shi. Sau ɗaya ya isa ya daina amsawa har abada, gara ma ba a fara ba. Don haka a faɗa wa kowa tun farko ranakun da ake duba wayar, a kuma jaddada musu cewa ba layin gaggawa ba ne: wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, a taho da shi nan take, ba a tsaya filashin ba. Na biyu, a kira mutum ya biya kuɗin mashin ya zo, ya tarar babu magani a ɗakin magani.

In kun fara, kada ku kai wa kwamiti rahoton yawan saƙonnin da aka tura, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ki ƙirga tun yanzu, daga watanni shida da suka wuce, mutum nawa cikin masu rajista suka dawo a kan lokaci, nawa ne kuma awonsu na ƙarshe yake ƙasa da 140 bisa 90. Bayan wata shida ki sake ƙirgawa.

Kafin ma kwamitin ya sake zama, ki zaɓi sunaye ashirin daga cikin waɗanda suka ɓace, ki kira su da kanki, wanda ba a samu ba a aika masa. Ki tambaye su abin da ya hana su dawowa, ki rubuta amsar kowa da kalmominsa. In mafi yawansu suka ce sun manta ranar, to tuni ne maganin, kuma kuɗin kati ya ishe ku. In suka ce magani ya dame su, ko sun ɗauka sun warke, kira da bayani ake buƙata. In kuwa goma sha biyar cikin ashirin suka ce kuɗi ne, ki ɗauki takardar nan ki ajiye a gaban kwamiti, ki ce kuɗin da za a nemo don manhaja a zuba shi a asusun magani, a riƙa sayo amlodipine da yawa a farashin sari ana ba mutane na wata uku a zuwa ɗaya.